Daƙiƙa Shida na Jiran Tikiti

Mu uku ne kawai a kamfanin, a wani ɗaki da ke saman shagon gyaran kekuna a titin Agricola, cikin Halifax. Gordie Zwicker shi ne mai wuri. Shi ke nemo mana aiki, shi ke ɗaukar waya, kuma shi ke yi wa mutane alkawarin abubuwan da bai san yadda ake yin su ba, sannan ya hawo sama yana murmushi ya sanar da mu. Odette Comeau ta girme ni da shekara goma sha bakwai, ta fara gina shafukan intanet tun ina koyon ɗaure igiyar takalmi. Sai ni, Wendell, wanda aka ɗauka don zane. Duk abin da zai yi motsi ko ƙyalli a shafi, nawa ne.

Odette ba ta ƙi ni ba. Aikina ne dai ba ta ga amfaninsa ba. A wurinta shafi nagari shi ne wanda zai buɗe kafin mutum ya gama ɗauke yatsa daga kan waya, ya ba shi abin da ya zo nema, ya sallame shi. Tana da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da take gwada aikinmu a kai, don a cewarta irinta ce a hannun yawancin mutane, ba irin tawa ba. In na kawo mata wani abu mai lilo ko mai juyawa, sai ta buɗe shi a wayar nan, ta ajiye a tebur, ta naɗe hannu tana ƙirgawa a fili.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Wendell, da mai naƙuda ce ke neman lambar asibiti, da tuni ta haihu."

"Shafin mai sayar da fure ne fa, Odette."

"To, da furen ya bushe."

A watan Fabrairu mahaifiyarta ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, Odette ta tafi garinsu jinya har wata uku. Sati ɗaya da tafiyarta Gordie ya samo aikin Madam Corkum.

Madam Corkum tana da jiragen fito biyu masu kai mutane da motoci tsibirin Pell, tafiyar minti hamsin. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da su. Ta gaji da sayar da tikiti ta taga da ta waya, tana son shafin da mutum zai zaɓi rana, ya biya, ya kama gabansa. Iyakar abin da ta nema ke nan. Amma Gordie ya gaya mata cewa duk wanda ya buɗe shafin zai ji kamar yana tsaye a bakin jirgi, iska na bugunsa.

Na ce, "Me hakan yake nufi, oga?"

Ya ce, "Kai za ka gaya mini. Ai kai ne mai zane."

Babu Odette, babu mai ƙirga mini daƙiƙa. Sai na gina teku.

Ba hoto ba ne, ba kuma bidiyo ba. Ruwa ne da burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin, take zanawa da kanta sau sittin a kowace daƙiƙa, bisa lissafin da na rubuta mata. Igiyar ruwa takan taso daga nesa, ta haɗu da wata, ta karye, kuma babu guda biyu masu kama da juna. Launin ruwan yana bin agogon mai kallo: da safe toka-toka, da rana shuɗi, da yamma kamar an zuba masa zuma. In ka ja yatsa a kan gilashi, kumfa ta biyo ka. Sati tara na yi a kansa. Sau da yawa nakan sauka bakin tashar jiragen ruwa cikin sanyi in tsaya ina kallon yadda haske ke sauka a kan ruwa, har hancina ya daina ji. A raina na riga na gama yanke hukunci cewa wannan ne aikin da zai sa a san sunana a Montreal.

Matsalarsa ɗaya ce. Sai ya yi daƙiƙa goma sha ɗaya kafin ya buɗe, a wayata mai kyau ma ke nan. Da Gordie ya gwada a kwamfutarsa, fankarta ta kama kuka kamar za ta tashi sama.

Ya ce, "Mutane za su zaci lalacewa ya yi. Sa musu wani abin da za su kalla kafin nan."

Ranar wata Laraba, lokacin abincin rana, hannu ɗaya riƙe da burodi, na zana wani tsuntsun teku. Ban ɓata masa lokaci ba. Ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsayi, idonsa guda ne tak, shi ma wani wurin daban yake kallo. Na ajiye takardar soyayyen dankali a kan ƙarfen jirgi. Tsuntsun yakan matso da gefe da gefe kamar ba ruwansa. In ka taɓa shi ya ja da baya, in ka yi sakaci ya fizge ɗaya. Da teku ya gama shiryawa, sai a nuna maka dankali nawa suka rage cikin ashirin, tsuntsu ya ɓace. Minti arba'in ya ɗauke ni, har da wanke hannu.

Muka buɗe shafin a ƙarshen Afrilu. Madam Corkum ta aiko da saƙo cewa tikiti na tafiya, mutane kuma suna ta maganar shafin. Ban tambaye ta wane ɓangare suke magana a kai ba. Ai na sani.

Odette ta dawo a ƙarshen Mayu, ta ɗan rame. Bayan mun gaisa, mun tambayi mai jiki, ta ciro tsohuwar wayarta ta buɗe shafin. Ta ƙirga har goma sha biyar, sannan ta daina ƙirgawa a fili. A kan ashirin da shida teku ya bayyana. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ja yatsa, kumfa ta biyo ta. Ta juya wayar ta taɓa bayanta.

"Ta yi zafi," in ji ta. "Yana da kyau, Wendell. Da gaske nake."

"Na gode."

"Ban gama ba. Ka taɓa zuwa tsibirin nan? Sai ka hau kan dutse kafin waya ta kama. Mai kamun kifi da ke son ya kai matarsa asibiti, teku ya zo gani? Tun da aka haife shi yake kallonsa ta taga."

Na yi bayani mai tsawo a kan yadda ido ke buƙatar abinci kamar ciki. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta shiga wurin Gordie. Shi kuwa Gordie mutum ne mai bin ra'ayin wanda ya yi magana a ƙarshe, kuma Odette ta san haka, shi ya sa kullum take bari in fara.

Kwana huɗu ta yi tana rushe abin da na gina a sati tara. Ba ta yi da mugunta ba; har ta ɗauki hoto guda daga cikin tekun, ta matse shi ya zama ba shi da nauyi, ta sa a saman shafin don kada in ce ba a bar mini komai ba. Shafi ya koma buɗewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tun da kuma babu sauran jira, tsuntsu ba ya ko samun damar leƙowa. Babu wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Na zauna ina jiran jama'a su tayar da hankali. Ban gaya wa kowa ba, amma har na tsara yadda zan yi fuska idan Odette ta zo ba ni haƙuri: ba fara'a sosai ba, ba kuma ɗaure fuska ba.

Jama'a kuwa suka tayar da hankalin. Ranar Litinin Madam Corkum ta turo mana saƙonni sittin da uku, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta kanta ba. Na karanta su duka, ina neman inda aka ambaci teku. Wuri ɗaya na samu. Wani ya rubuta cewa saboda haushi ya kusa jefa wayarsa cikin teku.

Sauran duk tsuntsu ne. "Ina tsuntsun?" "Na kai dankali goma sha bakwai, saura kaɗan in wuce surukina, sai kuka cire shi. Da izinin wa?" Wata ma'aikaciyar jinya a tsibirin ta ce ita ba ta zuwa ko'ina, amma kowace safiya sai ta buɗe shafin kafin ta shiga aiki. Wani dattijo ya tambaya cikin ladabi ko tsuntsun lafiya yake. Ashe ma suna suka sa masa, Barnaby, kuma matuƙan jiragen biyu suna da allo a ɗakin hutunsu inda suke rubuta makin kowa.

Madam Corkum ta kira mu ofishinta a bakin tasha. Mace ce 'yar shekara saba'in da ɗaya, sanye da rigar sanyin maza wadda ta yi mata yawa. Ta zuba mana shayi baƙi ƙirin ba ta tambayi ko muna so ba.

Ta ce, "Wa ya kashe mini tsuntsu?"

Gordie ya kalle ni, ni na kalli Odette.

Odette ta ce, "Ba kashe shi aka yi ba, Madam. An sa shi ne don ya ɗebe wa mutane kewa suna jira. Yanzu babu jira. Shafinki ya fi na kamfanonin jirgin sama sauri."

"'Yata, wa ya ce miki sauri muke yi? Jirgi huɗu ne a rana."

Odette ba ta yi gardama ba. Ta kawo shawara mai hankali: a sa maɓalli a ƙasan shafin, a rubuta "Yi wasa da Barnaby". Mai son wasa ya danna ya yi har ya gaji, mai sauri ya sayi tikitinsa ya wuce. Kowa ya samu abin da yake so. Madam Corkum ta ɗaga kafaɗa ta ce a gwada.

Muka gwada sati biyu. Sau tara aka danna maɓallin, huɗu daga ciki ni ne, ina duba ko yana aiki. Saƙonni kuwa ba su daina zuwa ba.

Da muka koma, Odette ta je da takardu, ta nuna cewa ga maɓalli nan ƙato, ja, babu yadda za a ce ba a gan shi ba.

Madam Corkum ta ce, "Sun gan shi mana. Amma ki duba ni da kyau. Mace kamata, mai jikoki shida, zan zauna da rana tsaka in danna abin da aka rubuta wa 'wasa'? In wani ya leƙo fa? Amma in jira nake, ai ba laifina ba ne. Shafi ne bai buɗe ba. Me zan yi da hannuna?"

"Wato so kike in sa shafin ya yi jinkiri da gangan."

"So nake ki mayar da shi yadda yake."

"Yadda yake ɗin lalatacce ne."

"To ki lalata shi, amma da kyau. An ce ke ce gwanar."

Gordie ya buɗe baki zai yi magana, ya ga babu wanda ya gama tukuna, ya rufe.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a aiki ba. Suka zauna ciniki a kan daƙiƙa kamar masu sayen tsohuwar mota. Madam Corkum ta ce goma sha biyu, don a cewarta ƙasa da haka tsuntsun ba ya samun damar nuna halinsa. Odette ta ce biyu. Madam ta yi dariya ta ƙara mata shayi. Odette ta ce uku, kuma wannan ma don darajar shekarunta ne. Madam ta sauko goma, ta ce mijinta marigayi da zai ji kunyarta. Suna kallon juna, jirgin da ke tashi ƙarfe sha ɗaya ya yi ƙaho a waje. A ƙarshe aka tsaya a kan shida, da sharaɗin da Odette ta ƙi sauka a kai: jadawalin jirage zai buɗe nan take ga mai neman lokaci kawai. Sai mutum ya zaɓi jirgi ya danna sayen tikiti, sannan tsuntsu zai fito.

A mota Gordie ya ce a rubuta a ƙasan tsuntsun, "Muna neman miki wuri."

Odette ta ce, "Ba ma neman komai. Ƙarya ce."

"To, 'Shafi yana shiryawa.'"

"Ya gama shiryawa tun kafin ka ƙifta ido."

Muna shiga gari aka amince da "Dakata kaɗan", wanda ba alkawari ba ne, ba kuma bayani ba. Umarni ne kawai.

Layi ɗaya ne aikin. Ka gaya wa burauza ta tsaya daƙiƙa shida kafin ta nuna abin da yake hannunta tuni. Ɗan koyo na sati ɗaya zai iya rubuta shi. Odette ta zauna gabansa tun bayan abincin rana har inuwa ta juya.

"Kai ka rubuta," ta ce mini ba tare da ta juyo ba. "Tsuntsunka ne."

"Jinkiri ai ɓangaren sauri ne. Naki ne."

Ta rubuta. A samansa ta bar ɗan bayani ga duk wanda zai gaji aikin wata rana: "Wannan ba kuskure ba ne. Kada ka gyara. Na riga na gwada." Ta tashi ta wanke kofinta, wanda dama wankakke ne.

Saƙonnin godiya suka fara shigowa washegari.

Ni ma ban tsira ba. Tun da dai an ce tsuntsu ake so, na ga ya kamata a ba jama'a tsuntsun da ya dace da sunana. Na yi kwana uku ina sake zana shi. Na daidaita ƙafafunsa, na ba shi ido biyu, na jera gashin fiffikensa ɗaya bayan ɗaya, na sa wuyansa yana lanƙwasa kamar na gaske. Awa biyu da sa shi, waya ta yi ƙara, Gordie ya miƙo mini.

Madam Corkum ta ce, "Wane ne wannan?"

"Barnaby ne, Madam. Gyara shi na yi."

"Wannan ba shi ba ne. Wannan kamar yana da aikin yi da iyali. Namu ɓarawo ne, ɗana. Dawo mana da ɓarawonmu."

Na dawo da shi. Da yamma na tarar Odette ta ajiye mini rabin biskit ɗinta a tebur.

A watan Agusta, lokacin da jirage ke cika, aka samu matsala ta gaske. Wani mutum da zai kai rumfar bikin 'yarsa tsibirin ya ga saura wurin mota ɗaya a jirgin Asabar. Ya danna, tsuntsu ya fito, mutumin ya kare dankalinsa goma sha tara, abin da ko matuƙan jirgi ba su taɓa yi ba. Da daƙiƙa shida suka cika, aka ce masa wuri ya ƙare. A cikin jiran nan wani ya saye shi ta taga. Aka ɗaura aure a fili, aka kuma yi ruwa.

Na zaci Odette za ta ɗauki wannan ta kai wa Madam Corkum, ta ce ga abin da nake faɗa. Da ni ne da na yi. Amma ta san amsar da za ta samu, don mutumin da kansa, a cikin wasiƙar ƙorafinsa, sai da ya ambaci dankali goma sha taran sau biyu, bai kuma nemi a cire tsuntsu ba.

Sai ta yi wani abu dabam. Sati uku ta yi tana sake tsara cikin shafin, yadda da yatsan mutum ya sauka a kan maɓalli, kafin ma ya ɗaga, an riƙe masa wurinsa, kwamfutar taga ta sani, mai amsa waya ta sani, ko da kuwa wayarsa a kan tsibiri take tana kamawa tana saki. Ta je tsibirin sau biyu, ta hau kan dutsen, ta sauka cikin kwari, tana gwadawa. Na duba abin da ta rubuta layi bayan layi, kuma ko ni da ba fannina ba ne na gane ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Komai yana kammaluwa cikin ƙiftawar ido. Daga nan sai shafin ya zauna shiru da tikitin a hannunsa, yana jiran tsuntsu ya gama.

Babu wanda ya sake rasa wuri, don haka babu wanda ya san an yi wani abu.

A watan Satumba wata jaridar gari ta yi rubutu a kan wuraren hutu na kusa, ta ambaci jiragen Madam Corkum. Marubucin ya ce shafinsu na sayen tikiti yana da jinkiri irin na zamanin da, da alama ba su samu ƙwararru ba, amma akwai wani tsuntsu da zai sa ka yafe musu. Gordie ya yanke wurin ya manna a bango, don a ganinsa yabo ne. Odette ta karanta a tsaye. A ranar ta fara neman aiki a wani wuri.

Wani babban kamfani a Toronto ya kira ta ganawa. Ta tafi ranar Alhamis, ta dawo Litinin, ta ce in zo mu ci donair, wato nama da miya naɗe a burodi, a shagon da ke kusurwa, ita za ta saya. Tun da nake da ita ba ta taɓa gayyata ta cin abinci ba. Muka zauna a bakin taga, miya na ɗiga mana a hannu.

Ta ce, "Su uku ne. Babbansu bai fi shekarunka ba. Sun ce sun duba aikina na ƙarshe, sun auna, daƙiƙa shida cif. Suka tambaye ni ko na san akwai hanyoyin rage wannan."

"Ba ki yi musu bayani ba?"

"Na yi. Na ce da gangan ne. Na zana musu yadda ake riƙe wuri a allo. Suna ta gyaɗa kai irin na mutanen da ke jiran ka gama su ce sun gode. Ɗaya ma ya rubuta wani abu ya ja layi a ƙarƙashi. Na ɗauki jakata zan tashi, sai yarinyar da ke gefe ta ce, 'Tsaya, wannan ba shafin Barnaby ba ne?' Ashe kakarta 'yar tsibirin ce. Ta buɗe a wayarta, suka taru a kanta su uku. Wendell, minti goma na zauna suna zaɓar jirgi suna fasawa."

"Sai me?"

"Sai babban ya ɗago ya ce, 'Ke kika yi tsuntsun?'"

Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya da takarda.

"Me kika ce?"

"Na ce e."

Na ajiye abincina. Na nemi fushi a cikina, na kuwa same shi, amma da na duba da kyau sai na rasa a kan me zan ɗora shi. Wata biyar ke nan ina roƙon Allah kada a haɗa sunana da wannan gurgun tsuntsu. Ga shi an amsa mini.

"Sun ba ki aikin?"

"Sun ba ni. Shugabar sashen zane mai motsi da ƙananan wasanni. Mutum bakwai a ƙarƙashina." Ta kalli titi. "Zan iya kiransu in faɗi gaskiya. In ka ce in kira, yanzu zan kira. Sai dai ka sani, kai za su nema, kuma tsuntsu za ka yi ta zanawa har ka tsufa."

Na yi tunanin hakan da gaske, tsawon lokacin da motar bas ta tsaya ta ɗauki mutane ta tafi.

"Riƙe shi," na ce. "Na ba ki."

"To akwai wata magana. Ranar ɗaya ga wata zan fara. Ban san yadda ake sa abu ya yi motsi ba."

Sati uku na yi ina koya mata. Mun fara da ƙwallo mai faɗowa ta yi tsalle. Tata ta farko tana saukowa da gudu ɗaya tun daga sama har ƙasa, ta tsaya cak, kamar an aike ta. Na ce mata babu abin da ke motsi haka a duniya. Komai sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya tashi, ya kuma ɗan wuce inda za shi kafin ya dawo. Ta ce wannan ɓarnar lokaci ce. Na ce e, ita ce sana'ar. Ta rubuta a littafinta. Ɗaliba ce mai taurin kai, amma ba a gaya mata abu sau biyu. Kafin ta tafi ta yi wani kwaɗo mai lumshe ido kafin ya yi tsalle, kuma na kama ta tana sake kunna shi ita kaɗai.

Da ta tafi, Gordie ya ce ba zai ɗauki wani ba tukuna, sai ni na gaji aikinta. Yanzu ni ke cire wa shafuka nauyi, ni ke ce wa Gordie wannan hoton ya yi girma, wancan motsin ba shi da amfani.

A watan Janairu Odette ta kira ni da rana, ina jin hayaniyar ofis a bayanta. Wai zomo suke yi wa wani kamfanin inshora, kunnensa ya ƙi faɗuwa yadda take so. Na ce ta bar kunnen ya makara kaɗan a bayan kai. Na ji tana dannawa, sannan ta yi wata 'yar dariya da ban san ta da ita ba.

Na ce, "Yaya aikin?"

"Kada ka gaya wa Gordie," in ji ta. "Ina jin daɗinsa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Muna sallama Gordie ya hawo sama yana murmushi, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa. Ya samo mana wani mai sayar da tayoyin mota a Dartmouth, wanda ya ga shafin jirgin fito, yake son irinsa sak. Shi a maimakon tsuntsu beyar yake so, kuma Gordie ya riga ya yi masa alkawarin daƙiƙa takwas.